Kanta Ya Rinjayi Jikinta

"Wannan ai kai kawai aka haifa, ina sauran jikin?"

Shiuli ce ta faɗa, 'yar ƙanwar surukata, wadda har yau ba ta haƙura da mijina Tofazzal ba. Na ja zani na rufe ɗiyata. Kwananta ɗaya a duniya, ƙafafu kamar sillen kara, ciki a lafe, fata a yamutse, kai kuwa ya rinjayi jiki.

Surukata ta taɓe baki. "A zuri'armu dai babu wannan. Daga asibitin nan gidanku za ki wuce, Jhorna. Kwale-kwalen la'asar yana nan."

Wallahi ina son mijin nan nawa kamar raina.

Sai ga shi ya shigo, lakar gonar shinkafa har gwiwa, ya taho da nas.

"Don Allah auna mana ita a gaban mahaifiyata."

Nas ta zagaya kan da tef, sannan ƙirji da damtse.

"Kanta daidai yake, jikin ne ya rame. In abinci ya yi wa ɗa kaɗan a ciki, ƙwaƙwalwa ce ke fara samu, sauran jiki ya jira. Me uwar take ci da cikin?"

Tun cikina na wata biyar Inna, surukar tawa, ta rage min shinkafa, ta hana ni kifi da ƙwai, kada ɗan ya yi girma ya ƙi fita. Haka ake yi a ƙauyenmu. Maza ke fara cin abinci, shi ya sa bai taɓa ganin kwanona ba.

Ya durƙusa a gabana.

"Hasken idona... da yunwa kike wuni?"

"Ban so in haɗa ka da Inna ba."

Ya juya. "Inna, in ta hau kwale-kwalen nan, tare za mu hau."

Shiuli ta zame ta fice. Nas ta ce jaririyar ɗumi take so, a manna ta a ƙirji. Nan take ya ɓalle rigarsa ya rungume ta.

Inna ta dube su, sannan ta juyo gare ni.

"Wata ƙanwata wurin haihuwa ta rasu, ɗan ya ƙi fita... Tsoro na ji miki, 'yar nan."

Ta share ido, ta miƙa hannu.

"Ba ni jikata, ƙirjinka duk ƙashi ne. Ke kuma kwanta, babu inda za ki."