Tashar Tsohon Gari

Ranar da ya fara jan motar ƙauyen ya fara ganinta, kuma da faɗa aka soma. Mota ɗaya tak ke shiga ƙauyen, sau ɗaya a wuni. Ita ke kawo wasiƙu da magunguna da duk wanda ya je birni. Sabon direban ya iso wasu kangaye a bakin kogi, inda allon tasha ya yi tsatsa, ya duba bai ga kowa ba, ya taka mai abinsa.

Motar ta yi tsit. Wata tsohuwa ta hau salati.

"Malam, tsaya!" in ji wata budurwa mai fararen kaya, rungume da akwatin allurai.

"Ai ba kowa."

"Na sani. Koma baya ka buɗe ƙofa."

Ya kalle ta ta madubi, ya ga idanun da ba a yi musu gardama. Ya koma, ya buɗe. Wata iska mai sanyi ta shigo, ga shi rana tsaka. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin. Fasinjoji suka mammatsa suka bar gurbi a kujeru, ba wanda ya kalli ƙofar. Sai da aka yi minti biyu cur ta ce, "To, mu je."

A barandar ɗakin shan magani, inda ita kaɗai ce ma'aikaciya, ta ba shi labari. Can ne Tsohon Gari. Shekara ashirin da biyu da suka wuce kogi ya ɓalle ya cinye shi. Motar ce ta haura da waɗanda suka tsira kan tudu, suka haƙa rijiya, suka gina makaranta mai aji uku. Mutum goma sha bakwai ko takalminsu ba a gani ba. Direban ranar bai sake wuce tashar nan bai buɗe ƙofa ba, har idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi.

"Babana ne," ta ce.

Daga nan fa ciwon kai ya saka gogan naka a gaba, kullum sai ya je awo. Ita kuwa ta raɗa masa Sarkin Gaggawa.

"Likitata, yau na tsaya minti uku," ya rubuto mata ta waya. "Na ukun naki ne."

"Sarkin Gaggawa, Allah ya shirye ka. Ka ci abinci kuwa?"

Ya so ta, so na haƙiƙa, ita ma haka. Amma da ya je gaida Baba, tsohon ko hannu bai ba shi ba.

"Ba na ba direba 'yata. Direba aikinsa barin mutane a baya."

Akwai kuma malamin makarantar, mai zuwa kullum yana karanta wa Baba jarida, idonsa na ƙofar ɗakinta. Shi ya rubuta wa ofishin motoci cewa direba na ɓata lokaci a kango. Aka turo sufeto ya zauna a gaba, ya ce wa direban in ya tsaya a kangon, to a bakin aikinsa. Ranar direban ya wuce tashar bai tsaya ba.

Kafin ya kashe mota labari ya kai mata.

"Ashe gaskiyar Baba ne," ta rubuto. "Kar ka sake kira na."

Ya kira sau tara, ba ta ɗaga ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Washegari ma sufeton na nan. Da allon ya bayyana, direban ya taka birki, ya buɗe ƙofa, har ya kashe injin.

"Ka san me ka yi?" in ji sufeto.

"Na sani, ranka ya daɗe."

Iskar ta shigo. Sai daga cikin kangayen aka ji wata murya siririya, tana kira, tana yankewa. Tsikar jikin kowa ta tashi. Shekara ashirin da biyu ana buɗe ƙofar nan, ba a taɓa amsawa ba.

"Ɗan nan, kar ka sauka!" in ji tsohuwar nan mai salati, ta riƙe masa riga.

Amma ya zame rigarsa ya sauka. Ya bi muryar ta cikin ciyawa, ya wuce wani ɗaki mara rufi wanda har yanzu tukunya ke kan murhunsa. A bayan ɗakin ya ga mutum kwance, katanga ta danne masa ƙafa.

Baba ne. Da ya ji mota ba ta tsaya jiya ba, ya lallaɓo da sandarsa tun safe, don kada tashar ta sake wuni ba kowa.

Direban ya yaye tubalan, ya goyo shi har mota. Sufeto da kansa ya tashi ya ba da kujera, kuma bai sake ta da maganar kora ba.

A ɗakin shan magani, budurwar tana ɗaure ƙafar mahaifinta hawaye na zuba, ta kasa kallon direban. Baba ya juyo wajenta.

"Ranar ruwan," ya ce mata, "uwarki ce ta miƙo mini ke ta taga. Ta ce, 'Jira ni in ɗauko Inna.' Ruwa ya kai taya, mutum arba'in na ihu a bayana. Ban jira ba."

Ba ta taɓa jin wannan ba. Bandejin ya suɓuce daga hannunta.

Tsohon ya lalubo hannun direban ya damƙe.

"Kai ka jira, har ka sauka. Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya zo yana ɗingishi, ya ɗora hannunta cikin na angon.

"Ga amanar da aka miƙo mini ta taga. Allah ya yi muku albarka, ya sa kada ɗayanku ya bar ɗaya a baya."

Duk ƙauyen ya amsa da amin.