Goyon Magariba a Gidan Lalla Zhor

Ranar wata Alhamis, gab da magariba, Penda ta shiga kicin ɗebo wa Kenza madara, sai ta tarar da 'yar tukunya a kan wuta, kuskus da tsokar kaza. Girkin Lalla Zhor ne, tsohuwar gidan. Ta sa cokali ta ɗanɗana. Lami! Ko ƙwayar gishiri babu.

Tausayi ya kama ta. Kwanan nan Btissam, surukar tsohuwar kuma uwar Kenza, ba ta da zance sai na cewa Lalla ta fara mantuwa, gara a raba ta da murhu. Alhali duk gidan Lalla Zhor kaɗai ke ce wa Penda "'yata". Ita ta koya mata kai ƙullin burodi gidan gashi, ita ta ba ta bargo na biyu da sanyin Fas ya fara cin ƙashinta. Penda ta ɗebi gishiri ta zuba, ta juya, ta rufe, ta fita tana murna ta rufa wa tsohuwa asiri. Kaico! Baƙo ko da ido makaho ne.

Daga Kaulaha Penda ta zo Fas, ita ba 'yar aiki ba, ba kuma 'yar gida ba. Da safe ta tafi makarantar koyon jinya, da yamma ta yi renon Kenza, gidan ya ba ta ɗaki da abinci. Duk ranar da aka kore ta daga nan, karatu ya ƙare, don ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta a garin. Shi ya sa ko tari za ta yi sai ta duba fuskar Btissam.

Tana tsakar gida tana taje wa Kenza kai sai ta ga Lalla Zhor ta fito da kuskus ɗin a kwanon ƙasa. Ba ɗakinta ta nufa ba. Ƙarƙashin matakalar bene ta shiga, inda tsohuwar rijiya take a rufe da falalen dutse, ta ajiye kwanon, ta yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, ta fito da baya da baya.

"Madam, wa ake kai wa abinci a can?"

"Na kyanwa ne. Ba ruwanki," in ji Btissam, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Aka kira salla. Tsuntsayen da ke kewaya saman gidan suka yi tsit gaba ɗaya. Can sai kuka ya taso daga ƙarƙashin dutsen, kukan jariri, siriri, irin na wanda ya taɓa wuta. Lalla Zhor ta saki carbinta. Kafin kowa ya buɗe baki dutse ya faɗo tsakiyar gidan, tim, wani ya biyo shi. Penda ta haura bene da gudu, ba kowa a kan soron sai shanya tana kaɗawa.

Daga ranar gidan ya juye. Da rana lafiya lau, amma da zarar inuwa ta hau bango sai jifa, sai kukan nan. Ruwan famfo ya koma ruwan gishiri. Shayin na'a-na'a, komai sukarin da aka zuba, ba ya shiga baki. Kenza, yarinyar da surutunta ke hana mutum jin kiran waya, ta daina magana, ta daina ci. Sai ta je bakin matakala ta zauna, tana jijjiga jiki gaba da baya kamar mai lallashin goyo, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Uban yarinyar yana aiki a birnin Tanja, sai dai ya yi ta kira yana faɗa.

Matan lungu suka fara abin da suka iya. Wai baƙuwar nan da mutanenta na ɓoye ta zo. Btissam, mai shagon magani guda, wadda da dariya take wa irin wannan zance, ta tsare Penda a bakin kicin.

"Kafin ki zo muna zaune lafiya. Ban ce ke ce ba, amma ki fara haɗa kayanki."

Penda ta san abin da hannunta ya zuba. Sau nawa ta je ƙofar Lalla Zhor za ta faɗa, ta tuna makaranta, ta juyo. Tsoro ne ya riƙe mata harshe, kuma ta tsani kanta saboda haka.

Lalla Zhor ce ta aika aka kira Si Bushta, wani malami ramamme mai farin gemu. Bayan la'asar ya zo, ya ƙi shayi, ya zauna kan darduma yana jiran faɗuwar rana. Da duhu ya fara taruwa a kusurwoyi ya sa aka zaunar da Kenza gabansa, ya dafa kanta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Duwatsu na faɗowa kewaye da shi, bai ko ƙifta ido ba. Sai yarinyar ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga ƙaramin bakin nan.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mu ne masu ƙasan gidan nan, tun ba a aza tubali ba. Alkawarinmu da su kwano ɗaya ne, babu gishiri. Ɗana ya ci. Bakinsa ya saluɓe, ba ya barci, ba na barci. Tsohuwa ta ci amana, ni kuma na riƙe jikarta."

Lalla Zhor ta fashe da kuka. "Wallahi ban zuba ba. Ko na zuba ne na manta? Wayyo ni, ni na kashe ta."

Wannan Penda ta kasa ɗauka. Ta durƙusa.

"Ba ke ba ce, Lalla. Ni ce. Na ɗauka abincinki ne, na ɗauka kin manta."

Btissam ta miƙe tsaye. "Ke? Kina kallon 'yata tana bushewa kika yi shiru? Fita daga gidana, yanzu!"

Bakin Kenza ya yi dariya, dariyar da ta sa gashin jikin kowa ya tashi. "Ba inda za ta. Na ga yadda take ɗaure yarinyar nan a baya da zane, har ta yi barci. Matan nan ba su iya ba. Ta goya mini nawa, in saki nasu."

"Ɗan Adam ba baranku ba ne," in ji Si Bushta. "Fita, ko in ci gaba."

"Ci gaba. Zan fita, amma da harshen yarinyar zan tafi."

Malam ya dakatar da karatu. Gumi na bin gemunsa. Ya dubi Penda, ya ce babu mai tilasta mata, kuma shi ba zai ce ta yi ba. Penda ta dubi leɓɓan Kenza.

"Na yarda," ta ce.

Aka shiga ciniki. Muryar ta nemi dare duka, malam ya ce daga magariba zuwa lisha, a cikin gidan nan kawai. Ba shiga jikin Penda, ba binta makaranta, ba zuwa mata a mafarki. Ya sa muryar ta rantse.

"Har yaushe?" ya tambaya.

"Har ɗana ya taka da ƙafarsa."

Kenza ta yi atishawa, ta sulale a kan darduma. Da ta buɗe ido, ruwa ta nema, da muryarta. Aka ɗebo daga famfo, ruwa ne garai.

Babu wanda ya sake yi wa Penda zancen haɗa kaya. Btissam ma ta saya mata sabuwar katifa, sai dai ba ta iya haɗa ido da ita.

Washegari da magariba Penda ta tsaya bakin matakala, ta sunkuya, zane a hannu. Wani abu ya hau bayanta, mai nauyi, mai sanyi kamar tulu, ya kwantar da kai tsakanin kafaɗunta. Ta ɗaure zanen, ta fara kewaya tsakar gida. Kukan ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Tana jin numfashinsa a wuyanta.

Lalla Zhor na zaune a gefe, ta ƙura wa ƙasa ido.

"Lalla," Penda ta ce a hankali, don kada ta tashe shi, "da nauyin nan ai ya kusa tafiya, ko? Watansa nawa?"

Tsohuwa ta ɗago kai ta dube ta.

"Uwata ta ce rana ɗaya aka haife mu da shi, 'yata. Ko zama bai fara ba."