Wanda Ya Zauna a Tabarmar Maliki

Ranar da abin ya fara, Maliki ya dawo gida da sauran hasken rana, abin da ya yi wata bakwai bai yi ba. Kuma ba don ya ga dama ya dawo ba. Jiri ne ya kwashe shi a gindin injin casar shinkafa, ya zube a kan buhuna, leburori suka yayyafa masa ruwa. Manaja ya zo ya tsaya a kansa, ya ce ya je gida ya huta, amma kada ya kuskura ya kashe waya.

Maliki makanike ne. Kamfanin da yake wa aiki yana da injina biyu, ɗaya a Birnin Kebbi ɗaya a Argungu, kuma da can su huɗu ne ke kula da su. Aka sallami uku, aka bar shi shi kaɗai, aka ce masa ya gode Allah. Ya kuwa gode. Tun daga nan rayuwarsa ta koma kan babur tsakanin garuruwan biyu. Ya fita yara ba su tashi ba, ya dawo sun yi barci. Abinci a tsaye, salla a gurguje. Ƙirjinsa ya koyi wani irin bugu da ba ya lafawa, kuma sau da yawa yakan ji wayarsa na ƙara a aljihu, ya zaro ya ga ba wanda ya kira. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, don a ganinsa namiji ba ya kai ƙarar gajiya.

Da ya tura babur cikin gidansa a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, matarsa Asiya na gindin murhu. Ta ɗago ta dube shi kamar ta ga baƙo.

"Maigida, lahiya?"

"Lahiya lau," ya ce, ya kawar da kai.

A ƙarƙashin rumfa an shimfiɗa tabarmarsa, an ajiye buta a gefe. Abin ya ba shi kunya, don bai san har yanzu ana yi masa wannan shimfiɗa ba. Sai ga ɗiyarsa Ummu Hani, 'yar shekara tara, ta fito daga madafa ɗauke da kular abinci, tana murmushi, tana nufar tabarmar. Da ta gan shi tsaye a tsakar gida sai ta ja ta tsaya. Ta dube shi, ta dubi tabarmar da ba kowa a kanta, ta sake dubansa. Murmushin ya bar fuskarta a hankali.

Maliki bai kawo komai a ransa ba. Ya tuɓe takalma ya zauna. Ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa, kaji suka shige akurki, gari ya yi irin shirun nan na magariba da ko ganye ba ya motsi. Sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano.

Ya zaci yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya sauka daidai gaban ƙafarsa. Ya ɗauka, ya ji shi a jiƙe, da sanyi, da ƙarnin gulbi, alhali tsakanin Badariya da ruwa akwai tafiya. Ya fita waje ya zagaya katanga, bai ga kowa ba. Yana tsaye a waje jifan ya tsaya. Yana komawa kan tabarma ya dawo.

Washegari likita ya auna shi, ya ce jininsa ya hau, ya rubuta masa hutun mako biyu. Manaja ya karanta takardar, ya ninke, ya ce ya ba shi kwana uku. Kwana ukun nan kuwa ba hutu a cikinsu ko na sisin kwabo. Da rana waya, da magariba duwatsu. Kuma a rana ta biyu, yana alwala a bakin rariya, ya ji an yi gyaran murya a ƙarƙashin rumfa. Tsigar jikinsa ta tashi, domin gyaran muryarsa ce, irin wadda yake yi in zai yi magana. Asiya ma ta ji. Ta saki ludayi ta rungume ƙaramin ɗanta.

Ummu Hani ta daina cin abinci. Ta daina kallon ubanta. In ya kira ta sai ta zo ta durƙusa nesa, kanta a ƙasa, ta amsa a taƙaice ta koma.

A magariba ta uku yarinyar ta kawo kula, ta tsaya a kansa. Idanunta a buɗe suke amma ba shi take gani ba. Da ta buɗe baki, muryar da ta fito ba tata ba ce. Muryar Maliki ce, sai dai a natse, ba gaggawa, irin muryar da yake da ita kafin a sallami abokan aikinsa.

"Tashi min daga wuri."

Kular ta suɓuce, tuwo ya tarwatse, yarinyar ta faɗi tana shure-shure. Asiya ta ƙwala salati. Sai da maƙwabta mata uku suka danne ta, 'yar yarinyar da ko tulu ba ta iya ɗauka.

Kowa ya ce Malam Labbo na Argungu za a ɗauko, dattijon da ya san kan irin wannan lamari. Da safe Maliki ya hau babur ya kama hanya, hawaye na bushewa a fuskarsa saboda iska. Yana shiga Argungu waya ta yi ƙara. Injin can ya tsaya, ga motoci sun yi layi, ga manoma na zage-zage. Ya ce wa manaja ɗiyarsa ce ba lafiya. Manaja ya ce Allah ya sawwaƙe, ai minti goma ne, kuma in ba zai iya ba akwai masu jiran gurbin.

Abin da ya fi ci wa Maliki rai daga baya shi ne, ya je. Ya juya kan babur ya nufi injin, ɗiyarsa na can an ɗaure ta da zane a kan gado. Minti goma suka zama awa biyar. Yana kwance a ƙarƙashin ƙarfe, baƙin mai na ɗiga a fuskarsa, yana kuka ba sauti, yana tsanar kansa, kuma hannunsa bai daina juya sifana ba. Sai bayan la'asar ya isa ƙofar Malam Labbo.

Dattijon ya dubi tufafinsa da suka yi dumu-dumu da mai, bai tambaye shi dalilin jinkiri ba. Ya ɗauki carbinsa da gorar ruwan addu'a ya hau bayan babur.

Sun iso Badariya rana na faɗuwa. Malam ya sa aka fito da yarinyar tsakar gida, aka rufe mata jiki da mayafi, uwarta ta riƙe kanta. Ya sallami maƙwabta. Ya yi salla a natse, sa'an nan ya zauna kusa da kunnenta ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Duwatsu suka yi ta sauka a kan rufi har kunne ya toshe. Bai ɗaga kai ba. Ya yi ta yi, har jifan ya ragu, ya koma ɗaya-ɗaya, ya tsaya. Cikin wannan shiru yarinyar ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman magidanta.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane na kai?" in ji Malam Labbo.

"Tamba. Daga bakin gulbi."

"Mi yak kawo ka gidan mutane?"

"Kira na anka yi, ni amsa." Muryar ba ta da fushi, kuma wannan ya fi komai ban tsoro. "Ina wucewa da magariba, ni ji yarinya ta aje abinci tana hwaɗin, Baba taho ka ci. Na duba, ba kowa. Gobe haka, jibi haka. Ga tabarma, ga buta, ga tuwo da zahi, ga yarinya na kira. Ba ta yi bisimilla ba, ba ta hwaɗi sunan kowa ba, Baba kawai tac ce. Sai ni zauna."

Asiya ta toshe bakinta. Wata bakwai tana ganin kula a wanke da safe, tana cewa ko ba komai maigida yana cin abincinta in ya dawo. Shi kuwa Maliki wata bakwai yana tarar da kula ba komai, yana cewa ta gaji da ajiye masa, kuma bai ga laifinta ba. Suka dubi juna, kowa ya gane.

"Zalunci kaka yi," in ji Malam. "Yarinyar ga tana da uba. Ga shi nan."

Kan yarinyar ya juya a hankali, idanun suka sauka a kan Maliki.

"Wanga? To tambaye shi, malam. Aji nawa take? Wace sura ta kai a allo? Wa ad dukanta a makaranta har ta daina son zuwa? Wane haƙori na ka yi mata ciwo?"

Maliki ya buɗe baki. Ya laluba ƙwaƙwalwarsa kamar mai neman allura a cikin buhun ƙaiƙayi, bai samu ko ɗaya ba. Ya san lambar kowane bel da ke cikin injina biyun nan, ya san ƙarar kowannensu in zai lalace. Bai san ajin ɗiyarsa ba. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

A daidai nan waya ta yi ƙara a aljihunsa. Wannan karon da gaske ne.

Abin da ke jikin yarinyar ya yi dariya da muryar Maliki. "Ɗauka mana. Kai ma kiranka aka yi. Tahi abinka, ni ina nan."

Ya zaro wayar. Manaja ne. Ƙirjinsa ya shiga dukan nan da ya saba, gumi ya karyo masa, ya ga kansa a zaune a gida ba aiki, ga mata ga yara, ga gari da ba a samun aiki a banza. Babban yatsansa ya tafi da kansa wajen amsawa, don wata bakwai ya yi yana horar da shi. Malam Labbo ya zuba masa ido. Da ƙyar, da hannu biyu, Maliki ya danne maɓallin har wayar ta mutu. Ya ajiye ta a ƙasa, ya rarrafa ya zauna a kan tabarmar, ya kama hannun ɗiyarsa mai sanyi.

"Ban sani ba," ya ce, muryarsa na karyewa. "Wallahi ban san ko ɗaya ba. Amma ɗiyata ta. Ka bar min ita."

Malam ya ci gaba da karatu, yanzu da ƙarfi, yana yayyafa ruwan gora. Jikin yarinyar ya yi ta murɗewa. Muryar ta yi ihu, ta yi roƙo, ta ce a bar mata ko da ranar Juma'a, ta ce a bar mata ko bakin zaure. Malam ya ce ko taƙi ɗaya ba a ba shi ba.

"To zan hita," in ji muryar, a gajiye. "Amma duk magaribar da ni wuce ni iske tabarmar ga ba kowa, zan zauna."

"Ba mu sharaɗi da kai."

"Ba sharaɗi na ba, malam. Labari nika ba shi."

Malam ya sa Tamba ya rantse da Wanda ya halicce shi. Ya rantse. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya yi rawa, jikinta ya saki a hannun uwarta. Wata iska mai ƙarnin ruwa ta bi ta tsakar gida ta fice ta zaure.

Malam Labbo ya naɗe carbinsa. Ya koya wa Asiya abin da za a riƙa karantawa da faɗuwar rana, sa'an nan ya dafa kafaɗar Maliki. "Nawa aikin ya ƙare. Kai ma ba ka da lahiya, ɗana. Ka koma ga likita, ka sha magani, ka hwaɗa wa matarka abin da ad damunka. Ka ce wa masu injin su ƙaro hannu ko su nemi wani. Mutum guda ba shi zama mutum huɗu."

Maliki ya gyaɗa kai. Bai san abin da zai tarar gobe a wurin aiki ba, ko ma akwai sauran aikin. Yana nan riƙe da hannun yarinyar har ta buɗe ido.

Ummu Hani ta dubi uwarta, ta dubi dattijon da ba ta sani ba. Ta waiwaya ta dubi bayan Maliki, ta dubi gefensa, ta leƙa zaure. Sai hawaye suka gangaro mata.

"Inna, Baba ya tahi?"

Maliki ya matso, ya sunkuya daidai fuskarta. "Ga ni, Ummu. Ga ni nan, ba inda za ni."

Yarinyar ta daɗe tana kallonsa, da ladabi, kamar yadda aka koya mata ta kalli manya. Sa'an nan ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta cusa fuska a jikin uwarta.

"Ba kai ba," ta ce.