Sha Tara a Takarda

"Sake faɗa in ji, Abban Meram... Matar wa?"

"Matar yayana. Na wuni ɗaya ne fa kawai, Zulaiha. Don Allah ki fahimce ni!"

"Yaushe ka yi yaya? Kai ne ɗan fari a gidan nan!"

Yunusa ya sunkuyar da kai yana murza wayar salular da ya zo da ita daga Kudu. Jiya-jiya ya sauka Azare bayan wata huɗu ba ya gida, ko gajiya bai gama saukewa ba ya ɗauko mata wannan zance.

Shekarun Yunusa ashirin da bakwai, babu wanda bai sani ba a unguwarsu. Amma da wani babban kulob na Kudu ya ɗauke shi a farkon kakar wasa domin gasar Zakarun Afirka, sai dillalinsa Alhaji Umara ya yanko masa sabon fasfo: sha tara. Shekara takwas suka bi iska a wuni guda. To ɗan sha tara da mata har da 'ya mai shekara biyar, wa zai yarda? Ga shi gobe Alhaji Umara zai kawo wani Balarabe, wakilin wani kulob na Tunisiya, wanda ya kafe sai ya ga gidan su yaro kafin a sa hannu.

"Ni ce fa," in ji Zulaiha. "Ni da na aure ka kana buga ƙwallo da ɗinkakken takalmi a filin firamare. Wa yake gasa maka ƙafa da ruwan zafi?"

"Ke ce, masoyiyata. Ai duk don ku nake yi..."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba a nan wahalarta ta tsaya ba. Duk kakar nan tare da ita aka buga. Da suka faro gasar lig ta ƙasa da shan kashi uku a jere, ita ta yi ta azumin Litinin da Alhamis. Da suka je Kamaru aka yi wasa cikin taɓo, tana manne da ƙaramar rediyonta a bakin murhu. Ranar da ya jefa ƙwallon da ta kai su wasan kusa da na ƙarshe kuwa, guɗa ta rangaɗa har maƙwabta suka leƙo, shinkafa na can tana ƙonewa ba ta sani ba.

Hajiya Ya Gana, mahaifiyar Yunusa, ta ɗaga labule ta shigo. Ashe duk tana jin su.

"Ke 'yar nan, sakin ki aka ce za a yi? Magana ce ta fatar baki. Ƙannensa huɗu shi suke kallo, ni ma shi nake kallo. Za ki toshe mana ƙofa saboda wuni ɗaya?"

Zulaiha ta dubi surukarta.

"To, Hajiya... Meram fa?"

"Daga Islamiyya ta wuce gidan maƙwabta. Shi ke nan."

Washegari bayan azahar baƙi suka iso. Zulaiha ta zumbula hijabi ta shiga falo da tiren dambun nama da fura, ta durƙusa ta ajiye. Balaraben ya nuna ta ya yi tambaya, Alhaji Umara ya fassara.

"Matar yayana ce," in ji Yunusa.

"Ya ce ina yayan naka?" in ji Alhaji Umara.

Wannan kam ba a shirya mata ba. Zulaiha ta ɗago ido ta dubi mijinta, tana jiran ya ce yana Legas, ko yana gona.

"Ya rasu."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Balaraben, bawan Allah, ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin addu'a. Kowa ya shafa, har Hajiya ta ce amin. Zulaiha tana durƙushe aka yi wa mijinta addu'ar mutuwa, shi kuwa yana zaune a gabanta cikin sabuwar shadda.

Ta miƙe ke nan za ta fita, sai ga gudu daga zaure. An tashi Islamiyya da wuri, Meram ta hango mota a ƙofar gida, ina ita ina gidan maƙwabta!

"Abba! Abba, motar waye?"

Ta faɗa cinyarsa ta rungume masa wuya. Balaraben ya yi murmushi, amma idonsa ya tsaya a kan fuskokin nan biyu masu kama da juna. Alhaji Umara ya yi gyaran murya.

Yunusa ya kama yatsun 'yarsa ya ɓamɓare su daga wuyansa ɗaya bayan ɗaya.

"'Yar marigayin ce, Alhaji. Gaya masa marainiya ce, duk wanda ta gani Abba take ce masa."

"Abba, ni ce fa... Meram!"

"Je ki wurin mamanki. Babanki ya rasu, kin ji? Ni Baffanki ne."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Tsayawa ta yi tana kallonsa, sannan ta ja da baya a hankali ta riƙe gefen hijabin uwarta.

Bayan la'asar Yunusa ya faɗo ɗakin da fara'arsa.

"An gama, Zulaiha! Sun sa hannu! Da an rufe kaka zan..."

Ya yi turus. Akwatinta na kan gado a ɗaure.

"Ni na yarda ka yi ƙarya da ni," in ji ta, "don ina da hankalin da zan san ƙarya ce. Ita fa?"

"Haba, yarinya ce. Za ta manta."

"Rubuta mini takardata."

Allah ya sani ba da gaske take ba. So take ya firgita, ya durƙusa, ya fita ya ɗauko Meram ya ce mata wasa yake yi. Ta ƙura masa ido. Yunusa ya waiwaya wajen falo inda Alhaji Umara yake jiransa.

"Wataƙila hakan ya fi sauƙi a yanzu," ya ce da ƙaramar murya. "In komai ya lafa... Akwai biro a nan?"

Wannan tambayar ce ta karya ta. Da hannunta ta miƙa masa biron, hawaye na zuba, ta kasa ko da yi masa Allah ya isa saboda har lokacin tana son sa.

A gidan mahaifinta a Giade ta ji ƙarshen kakar. An fitar da su daga gasar Afirka a bugun fenareti, suka ƙare lig a matsayi na biyu. Ran wasan ƙarshe tana tsakar gida tana tsintar wake, rediyon maƙwabta na ta kururuta matashin nan ɗan sha tara da zai tafi Tunisiya.

Meram na bakin zaure tana wasan 'yar tsana da wata ƙawarta.

"Meram, wai babanki ne mai ƙwallon nan da ake faɗa?"

"A'a, Baffana ne," in ji Meram, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni babana ya rasu."

Zulaiha ta buɗe baki za ta gyara mata. Sai kuma ta kifa kanta a kan gwiwa, ta toshe baki da gefen zani don kada yarinyar ta ji kukanta.