Igiyar da Aka Naɗe da Hannun Dama

Shekara goma sha ɗaya Sufeto yana yi wa matarsa alkawarin kai ta kallon wasan kwaikwayo. Ranar da ya cika alkawarin, suna zaune a layi na huɗu bayan la'asar, sai buhun yashin da ke daidaita nauyin labule ya faɗo daga saman dandamali ya sauka a kafaɗar jarumar wasan. Rabin labule ya biyo shi. Wasu har sun fara tafi, sun ɗauka cikin wasan ne.

Sufeto ya dubi matarsa. Ƙafafunsa na zugi, rabonsa da barcin kirki kwana uku ke nan.

"Tashi ka je, Baban yara," in ji ta. "Da ma ban sa rai za mu ga ƙarshensa ba."

Kafin ya ƙarasa bayan labule an wuce da jarumar asibiti. Ya tarar da Darakta ya ci kwalar mai jan labule, wani magidanci da ake kira Bahago.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe! Sakacinsa ne. A tafi da shi!"

"Sake shi tukuna. Me ke riƙe buhun?"

"Igiya biyu, ta ja da ta kariya," in ji Darakta.

Sufeto ya duba. An sassauta ƙullin ta jan. Ta kariyar kuwa an kwance ta gaba ɗaya, an naɗe ta tsaf, an rataye a ƙusa, har an cusa bakinta ciki don kada ta warware. Ya juya ga Bahago.

"Ka bar wurin nan tun da aka fara?"

"Ko nan da can ban je ba, yallaɓai."

"To, waccan wayar da ke kan taga a waje, ta aljani ce?"

Bahago ya sunkuyar da kai. An hana shiga da waya bayan labule. Matarsa kuma watan haihuwarta ne, ya fita minti biyar ya kira ta.

"Don Allah, yallaɓai, in kuka rufe ni ba ta da kowa."

Sufeto ya gaji da jin irin wannan roƙon, ya fi gajiya da ganin gaskiya ne. Ya jefa masa wata igiya. "Naɗe min."

Bahago ya naɗe ta da hagu, a birkice, kamar an tattaro shanya ana gudun ruwa. Ba ta ko kama hanyar ta jikin ƙusar ba.

Sufeto ya koma zaure. 'Yan kallo sun watse, saura matarsa, jaka a cinya.

"Ka gano?"

"Ina fa."

"Ni dai abin da ya ba ni haushi, waɗanda suka zauna bayanmu sun makara, sun shigo suna ta surutu. Matar na cewa ko mai duba tikiti babu a ƙofa, gobe ma za su dawo da tikitin nasu tun da ba a yaga ba."

Sufeto ya daɗe yana kallonta. Shekara talatin da aure, sai yau ya ji amfanin ƙorafinta.

Mai yaga tikiti dattijo ne, kowa a gidan Baba yake ce masa. Sufeto ya same shi zaune a kan benci a bakin ƙofa, yana jera guntayen tikiti.

"Baba, ka tashi daga ƙofa?"

"Ni? Tun da aka buɗe nake nan, ɗana."

"An shiga da tikiti biyu ba a yaga ba."

"Tsufa ne. Ido ya yi rauni."

"Kafin ƙofa, wane aiki kake yi?"

Darakta ne ya amsa daga bayansu. "Shi ne mai labulenmu na da. Bara na dawo da shi ƙofa, hannunsa ya fara rawa."

Sufeto ya saki igiyar da ya taho da ita daga bayan labule ta zube a ƙasa, ya shiga lalube aljihu kamar yana neman biro. Da ya ɗago, Baba ya riga ya ɗauke ta. Hannun nan mai rawa yana naɗe ta ta dama, zagaye bisa zagaye, ya cusa bakinta ciki. Sai da ya gama ya ga abin da ya yi.

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa barin igiya a ƙasa ba," ya faɗa a hankali.

"Me ya sa, Baba?"

"So na yi labulen ya faɗo a hannun Bahago, a ce bai iya ba, a mayar da ni. Wallahi ban nufi yarinyar nan ba. A wannan fitowar, can gefen hagu take tsayawa. Kullum."

"Makon jiya na canza mata wuri," in ji Darakta.

Baba ya lumshe ido. "Daga ƙofa ba a ganin dandamali. Ba wanda ya gaya min."

Wani kofur ya iso da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, aka riƙe hannun dattijon kawai aka fita da shi. Tausayi ya kama Sufeto, amma kafaɗar yarinya ta riga ta karye.

"Kai kuma ɗauki wayarka ka tafi wurin iyalinka," ya ce wa Bahago. Bahago bai tsaya ko godiya ba, ya fita a guje.

Sufeto ya dawo layi na huɗu ya zube a kujera kusa da matarsa. Labule na nan rataye a karkace.

"Mu tafi?" ya tambaya.

"Zauna ka huta," ta ce. "Shekara goma sha ɗaya nake jiran kujerar nan."