Idon Hagu na Zdravko

Da magariba Zdravko ya fara gangarowa daga dutsen Petrohan da tirela cike da alkama. Tun bara yanar ido ta rufe masa idon hagu, na dama ma ya soma dishi-dishi. Matarsa Nevena kaɗai ta sani, don ranar da likita ya gano, ranar zai rabu da sitiyari.

Hazo ya sauko. Fitilun motoci suka koma masa kamar kitse a ruwa.

Can ya hango wata tsohuwa a bakin titi, sanye da baƙin ɗankwali. Ya gan ta tar, har tamojin fuskarta. Rabonsa da ganin abu haka ya manta. Ya tsaya.

"Kaka, ina zuwa cikin sanyin nan?"

"Nan ƙasa kaɗan, ɗana."

Ta hau, kujera ba ta ko motsa ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na kyandir ya cika motar. Rediyo ya yi shiru.

Ya sosa idon hagu, sai ya ga kujerar wayam. Ya ɗauke hannu. Tana nan zaune.

Da mataccen idon yake ganinta.

"Kana wahalar da kanka," ta ce a hankali. "Rufe na daman."

Ya rufe. Titi ya miƙe sambal, fes kamar hantsi. Mutane jere a gefe, tufafinsu na ɗigar ruwa, duk sun ɗaga hannu. Cikinsu har da Tsvetan, abokin tuƙinsa da aka binne bara.

"Taka mai," ta raɗa masa. "Sun daɗe suna jira."

Ƙafarsa ta fara dannawa.

Taya ta hau tsakuwa. Ƙararta ce ta sa ya buɗe na dama.

Kwanar titi. Rami. Duhu.

Ya danne birki da iya ƙarfinsa. Tirela ta yi kuka, ta karya ƙarfen gefen titi, ta tsaya da taya ɗaya a iska.

"Kash," in ji tsohuwar.

Ƙofa ba ta buɗe ba, amma babu kowa a kujerar.

Zdravko bai sake tuƙi ba. An yi masa aikin ido a birnin Sofiya, yanar ta fita, amma kullum rana ta karkata sai ya ɗaure idon hagun da ƙyalle. Wata magariba Nevena ta fizge ƙyallen.

"Kai dai tsoho, me kake gani ne wai?"

Ya daɗe yana kallon ƙofar gida.

"Shiga ciki, Nevena. Yau sun matso."