Ɗakin da Ƙarfe Ba Ya Shiga

Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka kira Insifeta Sharfaddeen: an fasa wani ɗakin bincike a Tudun Wada. Ya isa ya tarar da ƙofa a ɓalle, ga ƙarfen da aka ɓalle ta da shi an jingine a waje, tsaf kamar sandar liman.

Zai sa ƙafa ciki wata mace ta tare shi. Rauda ce, ɗalibar da ke aiki a ɗakin, idonta jawur amma babu hawaye.

"Ranka ya daɗe, cire agogo da makullai ka zuba a kwanon roban can. Ƙarfe ba ya shiga nan."

Ɗan sanda guda, a ce masa ya tuɓe agogo! Ya haɗiye fushinsa, ya cire. Cikin kwanon akwai wani agogon azurfa, ya dube shi da kyau.

"Me aka sata?"

"Kwalabe shida na ruwan teku, masu ƙwayoyin bakteriya. Shekara uku nake renonsu."

"Ruwa? An bar kwamfuta an ɗauki ruwa?"

"Na tsakiyar teku ne. Can sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci, sai ƙwayoyin su fitar da wani abu da ke cafko musu shi. Na bakin kogi kuwa ƙarfe a wadace yake, ba sa wahalar da kansu. Tsatsa kaɗan ta taɓa na tsakiyar, sun daina fitarwa, aikina ya mutu."

"Na bakin kogin fa?"

"Ga su nan, ba a taɓa ba. Ranar Litinin zan kare bincikena. In babu kwalaben, cewa za a yi ƙirƙira na yi. Wallahi ban yi ƙarya ba, kuma ba zan janye ba."

Insifeta ya nemi maigadi, Baba Ɗantsoho.

"Ina kake lokacin da aka fasa?"

"Masallaci, ranka ya daɗe. Dakta Nagoda, shugaban wurin, shi ya sallame ni da kansa. Ya duba agogonsa ya ce sha biyu da rabi ta yi, in tafi."

"Da agogo a hannunsa?"

"Farin nan nasa mai ƙyalli. Da safe ma ya aike ni sayen ƙanƙara, ya ce in zuba a kula ta roba, ban da bokitin ƙarfe."

Dakta Nagoda yana ofis, ya harɗe cikin babbar riga, ko tashi bai yi ba.

"Insifeta, kada ka wahalar da kanka. Maigadin nan ne ya haɗa baki da ɓarayi. Ka tafi da shi, ni zan yi wa maigidanka waya."

Ran Sharfaddeen ya ɓaci. Ya tsani a nuna masa talaka a ce ga mai laifi.

"Yi masa wayar, Dakta. Yaushe rabonka da ɗakin?"

"Tun Laraba."

"Ƙarfe nawa yanzu?"

Dakta ya ɗaga hannu zai duba. Wayam!

Insifeta ya ajiye agogon azurfar da ya ɗauko daga kwanon a kan tebur.

"Sha biyu da rabi yana hannunka, ƙarfe uku yana cikin kwano. Wane ɓarawo ne zai fasa ƙofa, ya bar ƙarfensa a waje, ya tsaya cire agogo? Sai wanda yake son ƙwayoyin da ransu. Hannunka ya saba, shi ya tona ka. Mu je ka buɗe but ɗin motarka."

Kular tana ciki, kwalabe shida kwance cikin ƙanƙara. Rauda ta rungume ta, ta nufi ɗakin binciken. Dakta ya bi ta har ciki, gumi na karyo masa, Insifeta na biye.

"Ni na ɗauka," ya ce a hankali. "Cewa na yi ta sa sunana a gaba, ta ƙi. Na ce in ta faɗi ranar Litinin, sai in fitar da aikin da sunana. Rauda, ki dubi furfurata, a kashe maganar nan."

"Kai ka dubi ta Baba Ɗantsoho, Malam? Ni na yi amai a jirgin ruwa kwana tara wajen ɗebo ruwan nan. Sunana zai zauna inda yake."

Insifeta ya zaro ankwa. Bai kai ga buɗe ta ba Rauda ta ɗaga hannu.

"Ba a nan ba, ranka ya daɗe. Ƙarfe ne."

Sharfaddeen ya yi murmushi, ya tasa ƙeyar Dakta waje. A bakin ƙofa, gaban maigadi, ya ɗaura masa ita. Rauda ta jera kwalabenta cikin firji, ta ja ɓallalliyar ƙofar ta rufe.